Hular Sallah da Mudun Dawa

Masu karatun wannan takarda, na rumfa da na kan jirgi, daga Yelwa har Wara, daga Shanga har ƙauyukan bakin ruwa, muna neman a ba mu aron wuri kaɗan. An saba jin bakinmu a gefen da ake faɗin kuɗin dawa da gero da masara da shanshera. Yau kuwa maganar allura da zare ta kawo mu, wato ɗinkin hula da aikin riga na hannu da ake yi domin Sallah. Wani zai ce me ya haɗa mai awo da hula? To, abin da ya haɗa mu shi ne, kuɗin hular nan ba ya kwana a hannun wadda ta ɗinka. Ranar da anka biya ta, ranar yaronta ke zuwa rumfarmu da kwano. In an biya ta da kyau mu gani a mudu, in an cuce ta mu gani a littafin bashi. Saboda haka muna da ta cewa.

Mu fara da lissafin wata, don shi ne tushen zancen. Kowa ya san shekarar Hijira ta gaza ta bature da kamar kwana 11, don haka Sallah ke ja da baya kowace shekara, sai ta yi wajen shekara 33 kafin ta komo inda ta tashi. A 2008 Babbar Sallah ta faɗo cikin Disamba, a 2010 cikin Nuwamba. Lokacin kaka ne, an yanke dawa, rumbu cike, manomi ya kawo buhu biyu kasuwa ya ɗinka wa iyali, ya sayi rago. Amma a 2024 da 2025 Babbar Sallah cikin Yuni anka yi ta, Ƙarama kuwa cikin Afrilu da ƙarshen Maris. Wato Ƙarama ta faɗa tsakiyar bazara, Babba ta faɗa bakin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga iri, ga taki, ga kuɗin huɗa. A irin wannan lokaci gidaje da yawa ba su da abin sayarwa sai abin da hannun mata ya yi. Hula ɗaya da anka gama kafin Sallah tana iya zama ita ce tuwon mako biyu. Wanda duk ya zauna rumfa shekara talatin kamar mu ya san haka.

Sana'ar nan kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Yawuri tun fil azal hanya ce. Fataken Gwanja da ke tashi daga Kano ta ƙasar nan suke bi su ƙetare Kwara, suna ɗauke da riguna da rawuna da baƙin turkuɗi, su komo da goro. Da anka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungu da yawa da tsohon garin Busa, anka tada dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Mu ba mu gani da ido ba, an haife mu bayan haka, amma iyayenmu sun faɗa mana. Gonar albasa ta Gungawa da ke tsibiri ta tafi ƙarƙashin ruwa, itatuwa sun tafi, kushewu sun tafi. Abin da mutum ya ƙetare da shi shi ne abin da ke kansa da abin da hannunsa ya iya. Haka kuma munka ji daga gabas: da rikici ya watsa garin Bama a 2014, mutanenta sunka zube Maiduguri ba gona ba shago, da yawansu da ɗinkin hula sunka riƙe kansu cikin sansanoni. Allura jari ce da ba ta bukatar jaki ko mota, ana soke ta a gefen zane a tafi da ita. Mu da munka ga abin da ya faru a makarantar Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, munka ga ƙauyukan da mutane sunka ƙaurace wa gonakinsu, bai kamata mu raina irin wannan jari ba.

Mu kanmu mun riƙa allura. Zamanin da anka kai mu karatu Zariya, gardawan zaurenmu da ita suke ci. Bayan an wanke allo an ɗora sabon karatu, sai kowa ya jingina da bango ya ɗauko nasa, wani hula, wani wuyan riga, baki yana tilawa hannu yana aiki. Mai zanen rigar ma da alƙalamin kara da tawada yake yi, irin wadda muke rubutu da ita. Can munka san aska biyu da aska takwas, munka san tambari da ke bayan riga, munka ga zaren tsamiya da tsofaffi ke adanawa, munka ga masu bugu suna kirɓa riga bisa gungume har ta yi ƙyalli. A lokacin galibi aikin riga na maza ne, sannu a hankali matan cikin birni sunka karɓa, har a 1994 anka kafa ƙungiyar mata masu aikin hannu a Zariya mai sunan Sarauniya Amina. Mun faɗi haka ne don a san ba da ka muke magana ba. Mun san zafin da ido ke yi, mun san yadda ɗan yatsa ke yin kanta.

Ga yadda hula ke zama hula, don wanda bai sani ba. Za a sayi farin yadi a yanka jiki daban, sama daban. A kai wa mai zane ya fitar da fasali, a biya shi. A sayi zare launi-launi. Sa'an nan mai ɗinki ta zauna tana cike zanen nan ido bayan ido, ba ta tsallake ko ɗaya, don in ta yi ha'inci wanki ɗaya zai tona. In ta gama a haɗa jiki da sama, a kai wa mai wankin hula ya wanke, ya sa sitati, ya ɗora bisa katako ta bushe ta tsaya. Hannu huɗu ko biyar ke nan kafin ta hau kan Alhaji. Zanna Bukar ce, ko ƙube, ko damanga, hanyar ɗaya ce, bambancin yana ga ƙanƙantar ido da kyawun zare. Mai sauƙin aiki a yi mako biyu, mai cikon aiki wata guda ko fiye, don matar gida ba ita kaɗai ke gabanta ba, ga daka, ga girki, ga yara.

To, mu yi lissafi irin namu na rumfa. Mu ƙaddara hula ta ci kwana 30, kullum awa 4. Awa 120 ke nan. In an raba da yinin lebura na awa 8, ya zama yini 15 cif. Yanzu mu ƙaddara an biya ta abin da zai sayi mudu 10 na dawa. Ashe ko mudu ɗaya bai kai ba a yini. In kuwa ita ta sayi yadi da zare ta biya mai zane, sai a cire wannan ma daga ciki. Wane ɗan dako ne a kasuwar Yelwa zai yini yana sauke buhu a ba shi abin da bai kai mudu ba? Ko yaro ba zai yarda ba. Amma mace cikin kulle ta yarda, don ba ta ganin kasuwa, ba ta san nawa anka sayar da aikinta a Kwantagora ko Birnin Kabi ko Sakkwato ba. Abin da yaro ya komo ya faɗa mata shi ke nan.

Ba za mu nuna wani da yatsa ba sai mun fara da kanmu. Wata shekara cikin azumi, wata tsohuwa gwauruwa ta unguwarmu ta zo rumfa da kanta, da hula ƙunshe cikin tsumma. Ta ce, "Alhaji, ba ni da kuɗi, ga wannan, ka auna mini abin da ya sawwaƙa, marayun nan ba su da na sahur." Munka juya hular, munka ga aiki ne na ƙwarai, munka ce, "Inna, kasuwar hula ta mutu bana, amma don ke za mu karɓa." Munka auna mata mudu 6. Ta yi godiya har da sa albarka. Kwana uku tsakani wani baƙo da ya zo sayen kifi ya gan ta a rataye, ya biya abin da ya kai mudu 20 ba tare da ya nemi ragi ba. A ranar mun yi murna, mun ce ciniki ya yi. Da dare wajen tafsiri malam ya iso Suratul Muɗaffifina, wadda ke gargaɗin masu tauye mudu, sai jikinmu ya yi sanyi. Mudunmu cikakke ne, ba mu taɓa bugun gindinsa ba, amma mun tauye ta da baki, mun faɗa mata abin da mun san ba haka ba ne. Da safe munka aika mata da sauran. Ba mu ba da wannan labari don a yabe mu ba. Mun ba da shi don mun san ba mu kaɗai ke yin haka ba, kuma ba kowa ne tafsiri ke riska ba.

Akwai kuma wata hanya da ta fi wannan yawa, ita ce ta bashin zare. Mai kuɗi zai raba yadi da zare gida-gida tun cikin Rajab, wani lokaci har da ɗan hatsi, ba a yanke magana ba. Sai an gama aiki, Sallah ta matso, mace na bukatar kuɗin lalle da takalman yara, sannan ya zo ya ce zare ya tashi, hatsin da anka ci ma ya tashi, ga abin da ya rage miki. Ita ba ta da bakin musu, don ta riga ta ci. Ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala ta Ɗan Abi Zaidi ya san an halatta a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, amma da sharuɗɗa: a san siffar kayan, a san adadinsu, a yanke ajali, kuma a ba da kuɗin tun farko, kada a ja shi. In kuwa yadin naka ne zaren naka ne, to ijara ce, ladan aiki kuwa sai an ambata shi kafin a soma. Ba mu ga inda anka ce a bar farashi a buɗe har sai mai rauni ya matsu ba.

Mun san abin da dillalai za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce yadi da zare sun yi tsada. Gaskiya ne. Masaƙar Kaduna ta KTL da anka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakata a 2007, yau galibin abin da ake saye a Kantin Kwari daga waje yake zuwa, yana bin dala. Da anka saki Naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, ba abin da bai motsa ba. Za su ce kuɗin mota ya ninka tun da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Gaskiya ne, mu ma muna biya kan kowane buhu. Za su ce hula tana kwantai, wani fasali ya wuce yayi kafin a sayar, wata a kawo ta da tabon manja. Wannan ma mun yarda. Dillali yana da hakkin la'adarsa, mai jari yana da hakkin ribarsa. Amma mu duba da kyau: mai yadi ya ƙara kuɗinsa, direba ya ƙara nasa, mai wankin hula ya ƙara nasa, mu masu awo a 2024 mun sayar da hatsi a kuɗin da ba mu taɓa gani ba. Kowa ya tura nauyin gaba. Ita kaɗai ce ba ta da wanda za ta tura wa, sai ya tsaya a kanta.

Sai maganar hular inji. Ba mu ƙi ta ba. Talaka mai 'ya'ya maza shida ba zai iya saya wa kowa ta hannu ba, kuma ba daidai ba ne yaro ya tafi Idi kai sake. Inji ya rufa wa mutane asiri, a bar shi ya yi aikinsa. Abin da muka ƙi shi ne a wanke ta inji a sa mata sitati a ce ta hannu ce. Wannan da zuba tsakuwa cikin shinkafa duk ɗaya ne, algus ne. Yana cutar mai saye, yana kuma karya darajar ta gaskiyar, don wanda anka cuta sau ɗaya ba ya ƙara yarda ya biya kuɗin aikin hannu. Mai saye ya juya cikin hula ya duba. Aikin inji layinsa ɗaya ne kamar an buga da hatimi, wannan gefe da wancan ba bambanci. Aikin hannu za ka ga inda anka ƙulla zare anka soma wani, za ka ga ido ya ɗan fi ido. In mai sayarwa ya hana ka juyawa, to ka san abin da ke ciki.

Manyanmu ma suna da nasu kason. Ranar hawan Sallah a Yelwa, in Mai Martaba Sarkin Yawuri ya fito, hakimai da attajirai na biye, ka ga riguna da huluna har ido ya gaji. Haka ranar Rigata a bakin ruwa. Nawa ne daga cikin kayan nan anka ɗinka a ƙasar Yawuri? Mutum zai aika Kano ko Maiduguri a kawo masa, ya biya ba ciniki, alhali bayan katangarsa akwai mai iyawa, ita kuwa in ta kawo sai ya taya rabi. Wani kuma ya ba da aiki saura kwana goma Sallah, ya ce dole a gama, a kwana ana ɗinki da fitilar hannu cikin azumi, ya karɓa ya sa ya tafi Idi, biya kuwa sai bayan Sallah, bayan Sallar ma sai an yi ta aike. Ya Alhaji, kana sahun gaba da hular da ba ka biya ba, mai ita tana gida ba ta ɗora tukunya ba. Wannan ado ne?

Ga abin da muke roƙo, kuma ba abu ne da sai gwamnati ta sa hannu ba. Na farko, mai son hula ko riga ta Ƙaramar Sallah ya ba da aiki tun Rajab ko farkon Sha'aban, ta Babba kuwa tun cikin Shawwal, ya biya rabi a hannu, saura ranar karɓa. Na biyu, mai raba zare ya yanke ladan aiki tun ranar da ya miƙa yadi, a gaban shaida, ko mijinta ko ɗanta ko malamin unguwa, a rubuta da ajami a ɗan takarda, kowa ya riƙe tasa. In da hatsi za a biya, a ambaci mudu nawa da irin hatsin, kada a bari sai ranar biya. Na uku, mu masu awo, in an kawo mana hula musaya, kada mu yanke mata kuɗi da kanmu. Mu kira dillalin hula biyu su taya a gaban mai ita ko ɗan aikenta, sa'an nan mu auna daidai da haka. Na huɗu, sarakunan kasuwa a Yelwa da Wara da Shanga su sa a raba jere, ta hannu gefe ɗaya ta inji gefe ɗaya, wanda anka kama yana gauraya a yi masa abin da ake yi wa mai tauye mudu.

Na biyar kuwa ga masu wannan takarda muke. Kuna faɗa wa jama'a kuɗin buhun dawa da na albasa da kwandon busasshen kifi. Ku ƙara layi uku daga Rajab zuwa Zulhajji: kuɗin zare, ladan ɗinkin hula, da kuɗin da ake sayar da gamammiya. Matan nan da yawansu ba su yi boko ba, amma sun yi allo, suna karanta ajami sarai. Takardar da maigida ya shigo da ita ya aje, za ta kai hannunsu. Ranar da mace ta san hularta nawa take a kasuwa, ranar za a daina ce mata kasuwa ta mutu. Mu ma da farko ba mu so a riƙa bayyana kuɗin hatsi a rubuce ba, mun ce zai rage mana riba, sai munka ga gardama ce ta ragu, manomi kuma ya fi sakin jiki da mu.

Su ma masu ɗinki muna da 'yar nasiha gare su. Inna da Gwaggo da 'yan matanmu, ku riƙe amana, kada ku karɓi aikin mutum biyar alhali biyu za ku iya, kada ku rage zare ku ce ya ƙare. Ku haɗa kai kamar yadda kuke adashi, ku sayi zare a dunƙule ta hannun amintacce, ya fi arha bisa saye ɗai-ɗai. Ku koya wa yara, amma kada allura ta hana su makaranta, kuma ku ji tausayin idanunku, ku yi aikin da hantsi da la'asar, ba da tsakar dare ba.

Mu mun yi alkawari a rumfarmu, daga bana duk hular da anka kawo musaya sai an taya ta a fili kafin mu ɗauki mudu, kuma hular da za mu sa ranar Idi mun riga mun ba da ita a unguwarmu, mun biya rabi. Wanda ya ga kuskure cikin lissafinmu ya aiko da nasa a buga, dillali ne ko mai saye, za mu karanta da zuciya ɗaya. Allah shi ba mu ciniki na halal, shi ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, shi kai mu Sallah da rai da imani. Haza wasalam.